Tun da amarya ta tare sabuluna ya daina kumfa

Assalamu alaikum Anti, don Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a Sakkwato, na koyi haɗa sabulu a wani horo da aka yi mana, na kwashi adashina na zuba a ciki kuma Alhamdulillah da farko abin ya karɓe ni. To tun da maigida ya ƙara aure muka koma sabon gida a bayan gari komai ya juye. Sabulun ba ya daskarewa da wuri, masu saye suna cewa ba ya kumfa, yana saurin narkewa kuma yana cin hannu, wata ma har ta dawo min da shi. Ranar da na jiƙa soda, wato kostik sodar da ake haɗa sabulu da ita, a tukunyar alminiyum, saboda bokitin robar ya fashe wajen kwasar kaya, sai tukunyar ta hau tafasa ba wuta tana huci, ta yi baƙi ƙirin. Mamana da ƙawata sun ce hannu aka sa min, in nemi malami. Ni dai abu ɗaya na canza, alayyadi ya yi tsada ina sirka shi da man gyaɗa, awo kuma da gwangwanin da na saba nake yi. Yanzu ko gaisuwar amaryar ba na amsawa da kyau. Ki ba ni shawara.

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Sannu, Allah ya mayar miki da alheri, asarar kuɗin adashi ba wasa ba ce balle ta haɗu da zafin kishi a lokaci guda, duk macen da ta ce miki ba komai to ba ta gaya miki gaskiya ba. Amma kin ce abu ɗaya kika canza, ni kuma da na karanta saƙonki sai na ƙirga uku: kin canza mai, kin canza mazubi, kin canza ruwa tunda kin koma unguwar da ba ita kika saba ba. Duka ukun sun faɗo a watan da amarya ta tare, shi ya sa laifin ya hau kanta. Kowanne a cikinsu shi kaɗai ya isa ya ɓata sabulu ko da ke kaɗai ce a gidan mijinki, kuma bari in nuna miki yadda abin yake, ki yi haƙuri zan ɗan mayar da ke ajin kemistiri, ba zan daɗe ba.

Duk abin da kike taɓawa, gishiri ne, mai ne, ruwa ne, tukunya ce, da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi waɗanda ake kira atam, kowane atam yana da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu caji a kewaye da shi, ilektiron. Halin kowane abu, ko ya yi tauri ko ya narke ko ya shiga ruwa ko ya ƙi, daga yadda atam ɗinsa suka riƙe juna yake fitowa. Wani atam ɗin sakin ilektiron ɗinsa yake gaba ɗaya wani ya karɓe, kamar yadda sodiyam ke miƙa wa kulorin guda ɗaya, sai wannan ya zama fositib wancan negetib su manne wa juna ta ko'ina a jere, shi ne gishirin miya, shi ya sa kike ganin sa ƙwaya-ƙwaya mai tauri kuma ko ki soya shi a kasko ba zai narke ba sai zafi ya kai digiri 801. Sodar da kike aiki da ita ma irin wannan riƙon ne da ita. Wasu atam ɗin kuma babu mai sakar wa wani, sai su yi tarayya a kan ilektiron bibbiyu, wani Ba'amurke Gilbert Lewis ne ya fara bayyana haka a 1916, kuma irin wannan ɗaurin ne a cikin ruwa da mai. Na ƙarfe daban ne, zan zo kansa idan mun zo kan tukunyarki.

A ruwa, wanda atam ɗin oksijin da na haidirojin ne suka haɗu suka yi shi, tarayyar ba ta adalci ba ce, oksijin ya fi haidirojin ƙarfin ja, sai ya janye ilektiron ɗin zuwa gefensa, ƙwayar ruwan kuma a tanƙware take, don haka gefe ɗaya ya ɗan zama negetib ɗaya gefen fositib. Da wannan ruwa yake kewaye gishiri ko soda ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya har su ɓace a ciki. Shi kuwa mai dogayen sarƙoƙi ne na kabon da haidirojin, su biyun ƙarfin jansu kusan ɗaya ne, babu gefen da ya fi wani caji, ruwa ba shi da inda zai kama, shi ya sa man gyaɗa ke tasowa saman miya komai juyawarki. Sabulu shi ne mai kama ɓangarorin biyu, yana da kai mai caji wanda ruwa ke so da doguwar jela wadda maiƙo ke so, jelar ta nutse cikin dattin, kan ya tsaya a ruwa, ki ɗauraye su tafi tare.

To yanzu kan man. Kowace ƙwayar mai wani sinadari ne da ake kira gilisarin guda ɗaya da sarƙoƙi uku a maƙale da shi, wani Bafaranshe Michel Chevreul ne ya gano cewa mai haɗin gilisarin ne da irin waɗannan sarƙoƙi, ya wallafa a 1823. Aikin soda shi ne ta tsinke su ukun, kuma kowace sarƙa ɗaya soda ɗaya take ci, ba ƙari ba ragi, sarƙar ta ɗauki sodiyam ta zama sabulu. Kin ga ashe awon sabulu ƙidayar sarƙoƙi ne. Man alayyadi, wanda 'yan kasuwa ke ce wa PKO, kusan rabinsa gajerun sarƙoƙi ne masu kabon 12, na man gyaɗa kuwa yawancinsu masu kabon 18 ne. Gajeru sun fi yawa a cikin kilo, don haka kilo ɗaya na alayyadi yana cin soda wajen giram 170 zuwa 180, kilo ɗaya na man gyaɗa kuma wajen 135 zuwa 140 kawai yake iya ci. Ke kuma da awon alayyadi aka koya miki, kika cire wani kaso kika sa man gyaɗa amma gwangwanin soda yana nan yadda yake. Duk kilon da kika musanya kin bar kusan giram 40 na soda a cikin sabulun tana zaune ba ta sami man da za ta ci ba, idan ta hau hannun mai wanki sai ta ci maiƙon fatarta, wannan santsin da ake ji in soda ta taɓa yatsa maiƙon fatar mutum ne yake komawa sabulu. Wallahi matar da ta dawo miki da shi ba sharri ta yi miki ba, hannunta ne ya gaya mata gaskiya.

Laushin da saurin narkewar ma daga nan ne. Sarƙoƙin alayyadi a miƙe suke, na man gyaɗa kuwa yawancinsu suna da wani wuri a tsakiya inda kabon biyu suka yi ɗauri biyu maimakon ɗaya, a daidai wurin sarƙar take karyewa ta yi gwiwa. Ki tuna damin kara, in miƙaƙƙu ne sai su kwanta jikin juna dami ya yi tsam, in karkatattu ne duk yadda kika ja igiya sai ya yi sako-sako. Shi ya sa alayyadi da man kaɗe suke daskarewa da hunturu man gyaɗa yana nan ruwa, kuma halin man yana bin sabulun da aka yi da shi. Gajerun sarƙoƙin nan kuma su ne suka fi saurin shiga ruwa su tada kumfa, da kika rage su kin rage kumfar da hannunki. Ko sabulun salo da kike gani da laushi dalilinsa makusancin wannan ne, da ruwan toka ake yin sa, a cikin toka fotasiyam ne ya fi yawa, shi kuma ya fi sodiyam girma, baya barin abin ya matse ya yi tauri.

Ban ce kar ki sirka ba fa, kowa ya san halin da kasuwa take ciki, masu sabulu a ko'ina suna haɗa mai iri biyu ko uku. Abin da na ce shi ne in kin canza mai dole ki canza lissafin soda. Kuma in dai don sauƙin kuɗi ne da tauri, manja da aka dafa har jansa ya fita ko kitsen shanu da aka narka aka tace sun fi man gyaɗa dacewa, amma ki sani su ma sodar da suke ci wajen giram 140 ce a kilo, ba ta alayyadi ba. Gwangwanin nan kuma ki yi masa ritaya. Lita ɗaya ta mai ba kilo ɗaya ba ce, ba ta wuce giram 900 da 'yan kai ba, soda kuma wata ƙwaya-ƙwaya ce wata fale-fale, cikin gwangwani ɗaya nauyinsu ba ɗaya ba ne, ga shi in an bar buhunta a buɗe tana zuƙar danshin iska ta dunƙule ƙarfinta ya ragu. Kuɗin da za ki kai wa malami ki sayi ƙaramin sikeli na dijital irin na masu kek, ki auna kowane mai daban ki lissafa sodarsa daban ki tara, sannan ki rage kamar kashi 5 cikin 100 na sodar saboda ya zama man ne ya yi saura ba soda ba.

Sai ruwa. Ba ki faɗa ba amma ina kyautata zaton a sabon gidan da rijiya ko borehol kuke aiki, ku da maƙwabtan da suke sayen sabulunki. Ƙasar Sakkwato tana da dutsen farar ƙasa, ai saboda shi aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina, ruwan da ya ratsa irin wannan dutsen yana kwaso kalsiyam, wani lokacin da magnisiyam. Sodiyam caji ɗaya gare shi, jelar sabulu ɗaya yake riƙewa kuma da an shiga ruwa ya sake ta ta je ta yi aiki. Kalsiyam caji biyu gare shi, sai ya cafke guda biyu ya riƙe gam, abin da ya fito kuma baya narkewa a ruwa, shi ne farin dusar nan mai danƙo da ke tasowa a bakin bahon wanki. Sai kalsiyam ɗin ruwan ya gama cin rabonsa sannan ragowar sabulun zai fara kumfa. Omo da sabulun ruwa da ake haɗawa da sinadarin salfonik ba su cika damuwa da wannan ba saboda irin kan da suke da shi ko kalsiyam ya kama shi baya zama dusa haka, shi ya sa mace za ta ce miki ai Omo yana kumfa a ruwanmu naki ne baya yi.

Kar ki yarda da ni haka kawai, ki gwada. Ki sami gorar roba biyu iri ɗaya, ɗaya ki zuba ruwan rijiyarku rabi, ɗaya ki zuba fiya wata ko ruwan sama in kina da shi, ki kankare sabulu daidai wa daida ki zuba a kowacce ki jijjiga. In ta fiya watan ta cika da kumfa ta rijiyar ta yi fari-fari kamar tsinkakken nono, kin sami amsarki. Ki leƙa cikin butar shayinku ma, in akwai farin ɓawo a ƙasanta to kalsiyam ɗin ne zafi ya sauke shi. Ki yi gwajin a gaban Mama in da hali, ido ya fi baki saurin shawo kan uwa. Maganinsa a sabulun wanki shi ne 'yar soda ash, farin garin nan da ya sha bamban da sodar haɗi, da nasan an koya muku, tana kama kalsiyam ɗin ta sauke shi ƙasa kafin ya taɓa sabulun, amma a na wanka kar ki cika ta, tana busar da fata. Ruwan jiƙa soda kuma ki riƙa amfani da mai kyau, ba na rijiyar ba.

Yanzu tukunya, wadda na san ita ce ta fi tsorata ki, kuma gaskiya duk wanda bai sani ba ya ga tukunya tana tafasa ba wuta dole gabansa ya faɗi. Abu biyu ne suka faru a tare. Na farko soda in ta shiga ruwa da kanta take fitar da zafi, ƙwayoyin ruwa suna rufar mata da ƙarfi, ko a bokitin roba ai kin saba jin ya yi zafi. Na biyu shi ne ƙarfen. A cikin ƙarfe ilektiron ba na kowa ba ne, yawo suke tsakanin atam ɗin gaba ɗaya, shi ya sa ƙarfe ke ɗaukar zafi da wutar lantarki kuma maƙeri ke iya buga shi ya lanƙwasa bai fashe ba. Alminiyum mai saurin sakin nasa ne, guda uku kowane atam, abin da ke kare shi kawai wata 'yar siririyar fata ce da yake yi da iska wadda ido baya gani. Ruwa baya iya cire ta, miya ma haka, amma soda tana narkar da ita nan take, ƙarfen ya zauna tsirara, sai ya hau narkewa yana fitar da iskar haidirojin, ita ce hucin da kumfar da kika gani. Baƙin kuma ragowar wasu ƙarafan ne da ke gauraye a jikin tukunyar, musamman irin waɗanda ake zubawa da tsofaffin gwangwanaye da kayan mota, alminiyum ɗin ya tafi ya bar su. Ki ɗauki tukunyar kowa a duniya ki zuba mata soda haka za ta yi, har ta amaryar. Abin da za ki gode wa Allah a kai shi ne babu wuta kusa, don haidirojin kamawa take. Tukunyar ki ajiye ta, kar ki ƙara girki a ciki, kuma ruwan sodar da ya ci ƙarfe ya riga ya rage ƙarfi ya ɗauki datti, duk sabulun da kika yi da shi ba zai yi kyau ba. Ki koma bokitin roba mai kauri, ludayi da muciya ma kar a sami na alminiyum.

Tunda gida ya ƙara cika bari in faɗi wannan da babbar murya. Soda a ido kamar suga take, ruwanta kuma kamar ruwan sha, asibitocinmu suna ganin yaran da suka kurɓa maƙogwaronsu ya ƙone ya tsuke, wasu har abinci ya gagare su. Kar ki taɓa zuba ruwan soda a gorar lemo ko kofi, ki kulle ta inda yaro baya kaiwa, ranar haɗi ki kore su daga wurin. Sodar ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kan soda, a waje inda iska ke kaɗawa, da safar hannu ta roba da tabarau. In ta fallatsa a fata ko ido a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15 zuwa 20, na ido a wuce asibiti bayan haka. In yaro ya sha kar a sa shi amai kuma kar a ɗura masa manja kamar yadda aka saba, aman sake ƙona hanyar yake, a ruga asibiti da shi kawai.

Wanda ya riga ya lalace kar ki sayar wa kowa a matsayin na wanka. Ki gurza shi ki ɗan yayyafa ruwa ki ƙara mai ki narka a wuta kaɗan-kaɗan a tukunyar da ba alminiyum ba, ki sake zubawa a mazubi, zai yi na wanki a gida. Sabon da za ki yi kuma ki fara da kilo ɗaya tak, ki bar shi ya sha iska sati 4 zuwa 6 kafin ya fita kasuwa, na san masu saye suna matsa miki amma ɗanyen sabulu shi ma yana cin hannu kuma yana zagwanyewa. Masu sayar da kemikal suna da 'yar takardar gwaji ta pH, in kin jiƙa sabulu kin manna ya nuna 9 ko 10 lafiya lau, in ya haura 11 akwai sauran soda.

Maganar amarya kuma, ni ban san zuciyarta ba ke ma ba ki sani ba, kuma ba ina ce miki babu sharri a duniya ba, ki riƙe azkar ɗinki safe da yamma wannan kullum ne. Amma a duk abin da kika lissafa min babu guda ɗaya da yake buƙatar hannun mutum kafin ya faru, kuma kin san abin da aya ta 12 a Suratul Hujurat ta ce a kan zato. Yarinya ta shigo gidan da ba ta san kowa ba tana gaishe ki kina kau da kai, ita ma yanzu haka wata ƙawar tana can tana hura mata kunne a kanki, haka gaba ke farawa a gidajenmu har ta kai ga 'ya'ya. Ba sai kin je kin ce mata na zarge ki da asiri ba, wannan wata sabuwar wutar ce, ki dai amsa gaisuwa da sakin fuska, in kin yi girki ki zuba mata, in sabon sabulun ya nuna ki ba ta guda biyu ta gwada. Mama kuma kar ki ce mata ba ta da gaskiya, tsoro take ji miki, ki ce mata kin gano inda matsalar take kina gyarawa ta sa miki albarka. Ita ƙawar ce zan ce ki rage kai mata labarin cikin gidanki. Shi ma maigida ki zaunar da shi cikin daɗin rai ki gaya masa tashin da aka yi ya ci miki jari, ai wajen kwasar kayan aurensa bokitin ya fashe, ya taimaka da na sikeli da bokiti ko da rabi ne.

Matar da ta dawo da sabulu ki aika mata da sabo kyauta in ya yi, ki ce kin gyara awo. Ki turo min nauyin alayyadi da na man da kike son sirkawa da shi, a kilo ba a gwangwani ba, da sakamakon gwajin gorar nan biyu, in lissafa miki sodar da ruwan da za ki zuba.